Majigin Babanmu ya ƙi juyawa, ina zan samo bel da ƙwan fitilarsa?

Ɗan Tudun Wada ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Dan Allah masu sanin tsofaffin na'urori ku taimaka min, abin nan ya tsaya min a rai yau sati uku kenan.

Tun bayan rasuwar mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ba mu taɓa kayan ɗakinsa ba sai watan jiya da yoyo ya tilasta mana gyaran rufi, muna fitar da kaya sai na ci karo da wata adaka ta ƙarfe a ƙarƙashin gado, ina buɗewa sai ga majiginsa naɗe cikin tsohon bargo. Ni dai labarinsa kawai na taso ina ji a bakin yayyena, wai da daddare Baba yakan rataya farin zanin gado a bangon tsakar gida ya haska musu, yaran unguwa har kan katanga suke hawa, to ni auta ne, sanda nayi wayo bidiyo ya riga ya shigo an ajiye shi. A jikinsa an rubuta Sankyo Dualux 1000, ƙirar Japan ne. Tare da shi akwai ƙananan kwalaye rawaya na Kodak guda 14, kowanne da ɗan faifai a ciki bai fi tafin hannun yaro ba, sai manyan faifai guda biyu cikin gwangwani. Baba yayi rubutu da biro a kan wasu, akwai "Suna", akwai "Tafiya Makka", akwai "Daba Kaduna 77", guda ɗaya kuma sunan Hajiyarmu kawai ya rubuta a kai.

Ɗoki yasa na jona shi a wuta a daren. Moto yana ƙugi amma ba abin da ke juyawa, fitilar ta kawo sau ɗaya tayi fau ta ɗauke, ba ta sake kawowa ba. Da na kwance murfin baya sai na tarar bel ɗin ya narke ya zama kamar kwalta, ya manne a jikin fuli, har yanzu da baƙinsa a ƙarƙashin farcena. Sannan akwai wani ɗan giya mai haƙora fari na roba wajen hannun da ke naɗe fim, na hango tsaga siririya kamar gashi a jikinsa. Ƙwan kuma wani iri ne ban taɓa ganin irinsa ba, azurfa-azurfa, da ɗan tagar gilashi a gaba, an rubuta 8V 50W.

Na kai wa wani mai gyaran rediyo ya riƙe kwana biyar, ƙarshe robar ɗaure kuɗi ya ninka ya sa min a matsayin bel, ko minti ɗaya ba ta yi ba ta tsinke, ga sukuru ɗaya ya ɓata. Na zaga shagunan kayan wuta da ƙwan a aljihu kowa sai ya juya shi ya ce bai san shi ba.

Abin da yasa na matsu, Hajiya ta tsufa kuma idonta ya fara rauni, tunda ta ga kwalayen nan kullum sai ta tambaye ni "ya maganar majigin Malam?" Ina Kaduna. Ana samun kayan nan kuwa, ko akwai yadda za a ƙera su a nan gida?

Tsohon Mai Majigi ya amsa:

Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya jiƙan mahaifinka ya sa ya huta, ya ƙara wa Hajiya lafiya.

Ni aikin majigi na yi a ma'aikatar yaɗa labarai har na ajiye aiki, namu babba ne mai milimita 16 wanda muke ɗorawa a mota mu shiga ƙauyuka, amma na gida irin naku ma sun sha biyowa ta hannuna. Kafin maganar bel ina roƙonka abu ɗaya, kada ka sa ko ɗaya daga cikin ƙananan faifan nan a cikin majigin sai ka tabbatar ya gyaru sarai. Majigi ana samun wani. Abin da ke cikin kwalin nan mai sunan mahaifiyarka kuwa kwafi ɗaya ne tak a duniya, domin irin wannan fim ɗin wanda aka sa a kyamara shi ne dai aka wanke aka dawo da shi, babu nagatif a wani wuri. In bel ya tsinke fitila na kunne fim ya tsaya cak a ƙofa, kafin ka kai hannu ya ƙone, za ka ga hoton ya kumbura a bango ya huje. Na gani da idona ba sau ɗaya ba.

Ka fara da sanin wane irin fim ne a hannunka, don fim mai milimita 8 iri biyu ne. Akwai tsohon 8 wanda Kodak suka fitar a 1932, akwai Super 8 na 1965. Faɗinsu ɗaya, amma ka warware kamar kamu ɗaya ka ɗaga a haske, tsohon hujinsa na gefe manya ne kuma suna daidai layin da ya raba hoto da hoto, Super 8 hujinsa ƙanana ne suna tsakiyar gefen hoton. Ramin tsakiyar faifan ma ya bambanta, na Super 8 ya fi faɗi. Naku ana ce masa Dualux ne saboda yana cin duka biyun, akwai ɗan maɓalli da ake turawa, in ka bar shi a kan wanda ba shi ba farcen da ke jan fim zai yi ta yaga hujin. Tunda akwai 77 a rubuce ina kyautata zaton Super 8 ne, kuma wannan dabar in ta Kaduna ce a shekarar to babban hawan daba ne na FESTAC, bikin al'adun Afirka da baƙar fata na duniya, wanda sarakuna suka taru da dawakansu. Ka riƙe shi da kyau, wannan ya wuce kayan gidanku kaɗai.

Ƙananan nan ƙafa 50 ne kowanne, minti uku da daƙiƙa 20 yake yi in yana tafiya hoto 18 a daƙiƙa. In Kodachrome ne, wato wani fim mai launi na Kodak, za ka sha mamakin launinsa, ba ya kodewa da wuri. A zamanin ba a wanke shi a nan, a ambulan ake sawa a aika Ingila, wani gari Hemel Hempstead, mutum ya yi makonni yana zaryar gidan waya kafin ya ga abin da ya ɗauka.

Ka buɗe kowane kwali ka shinshina. Wanda ka ji yana warin tsami kamar binega ka ware shi daban, ciwo ne da ke kama irin wannan fim in ya sha zafi da laima, kuma yana harbin na kusa da shi. Kada ka ji tsoron gobara, 8 da 16 ba a yi su da sinadarin nan mai kamawa da wuta ba irin na tsofaffin finafinan sinima masu milimita 35.

Yanzu ga majigin. Narkewar bel ba laifin kowa ba ne, roba ce ta yi kusan shekara 50 cikin adakar ƙarfe tana shan zafin bazara. Ka cire wuta, ka samo sifirit na kemis da tsinken goge kunne da tsumma, ka zauna ka goge kwaltar nan tas daga cikin kwarin fuli, zai ci maka yini, ka yi haƙuri da shi, in ka bar ko kaɗan sabon bel zai riƙa zamewa. Ban da fetur, ban da tina, suna cin roba. Tsohon giris da ya daskare kamar ƙaro shi ma ka kwashe, ka sa sabo ɗan kaɗan, inda shaf ke juyawa kuma ɗigo ɗaya na man keken ɗinki ya isa. Hanyar da fim ke bi ba a sa mata mai ko kaɗan, buroshi mai laushi kawai. Bayan nan ka juya injin da hannu, ya kamata ka ji yana tafiya sumul, ka ga farcen yana fitowa yana sauka yana komawa.

Sannan ka duba baya ko ƙasansa, yawancin waɗanda aka yi don fitarwa waje suna da wurin zaɓen ƙarfin wuta. In ka tarar da shi a bolt 110 to ka san abin da ya kashe ƙwan, ka gode Allah da taransifoma ba ta bi shi ba. Maganar ƙera bel da giya na bar wa matasa masu hannu, sun fi ni sanin kayan yanzu.

Injiniyan Panteka ya amsa:

Baba Allah ya ƙara girma, kun gama magana. Ɗan uwa tunda kana Kaduna ai kana zaune kan maganin matsalarka, bel kam ba sai ka aika ko'ina ba.

Ga yadda nake yi. Bayan ka goge fulin ka ɗauki zare mara miƙewa, irin na ɗinkin buhu, ka zagaya shi ta cikin kwarin fuli biyun daidai yadda bel ɗin ke bi, ka ja ya ɗame, ka sa alama da biro inda ya haɗu, ka auna a rula. Abin da ka samu sai ka rage kamar kashi 5 zuwa 8 cikin ɗari don bel sai ya ɗan ja kafin ya kama. Misali zaren ya ba ka milimita 200, kana neman wajen 188 kenan, ka raba da 3.14 zai ba ka kusan 60, to sai kaje wajen masu sayar da sil da zoben roba na injina da famfo kace su baka zoben robar da ake kira orin mai faɗin ciki milimita 60, kaurinsa kuma daidai kwarin fulin, ka tafi da fulin ko ka auna shi. Ka sayi uku, daidai awon, da wanda ya ɗan fi, da wanda bai kai ba, ba tsada ne da su ba. Kuskuren da mutane ke yi shi ne su ɗaure shi tamau suna ganin hakan ne ƙarfi, alhali moton nan ƙarami ne, bel mai tsauri zai sa ya riƙa nishi yana zafi ya cinye bushin. Wanda ya fi sassauci amma baya zamewa shi ne naka.

In ba a samu awon ba akwai igiyar roba kore ko ruwan lemo da ake sayarwa da mita, masu injinan buga takardu da na shirya kaya a kwali suna amfani da ita. Yanka za ka yi daidai awo, ka ɗora reza a wuta tayi zafi, ka manna bakin biyu a gefe da gefen rezar har su fara narkewa, ka zare rezar ka haɗa su ka riƙe minti biyu ba motsi, in ya huce ka gyare tudun da abin yanke farce. Na farko zai karkace maka, na biyu ma wataƙila, ka sayi da ɗan yawa.

Giya kuwa, abin da ke faruwa robar nailan tana tsukewa da shekaru shi kuma ƙarfen da ke tsakiyarta baya tsukewa, sai ta tsage. Ba naka kaɗai ba ne, masu majigin Bell & Howell mai milimita 16 duk duniya kukan da suke yi kenan da wani giya mai kama da sukuru a tsakiyar injin, Baba zai ba da shaida. In tsagar ba ta kai haƙora ba kuma akwai ɗan wuya a jikin giyan, masu tana, wato masu injin fiƙe ƙarfe, za su iya fiƙe maka siririn zobe na tagulla a matsa a wuyan ya riƙe shi, ya daɗe yana aiki. Supa gulu kar ma ka fara, ba ya kama nailan. In ta kai haƙora za ka ji ƙas ƙas duk zagaye ɗaya, to sai sabo. Ka ƙirga haƙoran sau biyu, ka auna faɗin giyan daga bakin haƙori zuwa bakin haƙori da ma'aunin masu tana, ka raba faɗin da yawan haƙora da ƙarin 2. Misali haƙori 30 faɗi milimita 16, 16 a raba da 32 ya ba da 0.5, wannan lambar ita ce girman haƙorin, da ita za a yanka maka ko a nemo. Kafin ka kashe kuɗi ma ka tona cikin matattun firinta da rediyo mai kaset da bidiyo wajen 'yan gwangwan, cike suke da ƙananan giya masu wannan awon, sau da yawa ramin tsakiya kawai ake gyarawa.

Shawarata kar a yi maka shi da ƙarfe ko da mai tana yace zai fi ƙarko. Gara na roba, ran da wani abu ya cije shi zai karye ya ceci sauran, na ƙarfe kuwa sai ya cinye na kusa da shi ko ya ja fim ɗin ya tsinka. In kuma injin 3D za a buga maka da shi kace ban da robar PLA, tana laushi tun wajen digiri 60, cikin majigi kusa da fitila ga zafin garinmu ba za ta kai labari ba, a yi da nailan ko PETG. Kuma kafin ka kwance komai ka ɗauki hoto da waya ta kowane gefe, ka sa alama da alƙalamin maka inda haƙori ya shiga haƙori.

Sabon Jini ya amsa:

Ni fa gani nake duk an tsawaita, ƙwai kawai ka cire ka sa LED irin na fitilar mashin ko na tocilan mai ƙarfi, ba zafi ba ƙonewa kuma zai shekara goma, ga shi ko'ina akwai. bel kuma a yanko daga tsohon tif na keke mana, mu da shi muke gyara komai

'Yar Kayan Asibiti ta amsa:

Ƙanina Sabon Jini niyyarka mai kyau ce amma ba haka abin yake ba. Tif shimfiɗaɗɗe ne, kwarin fulin kuma na bel mai zagaye ne, zai riƙa hawa yana sauka, gudun fim ya riƙa rawa. LED kuma matsalar ba ƙarfin haske ba ce, inda hasken ke taruwa ne. Hoton Super 8 faɗinsa bai cika milimita 6 ba, tsayinsa 4, duk hasken da bai bi ta wannan 'yar tagar ba asara ne. Fitilar mashin watsa haske take yi, za ka haske cikin majigin fes amma bango ya yi duhu-duhu da tabo a tsakiya. Ana yin juyin LED ɗin, na ga waɗanda suka yi ya yi kyau, amma sai da gilashin tara haske da abin shanye zafi da wutarsa daban, don abin da taransifomar majigin ke bayarwa ba irin wutar da LED ke so ba ce. Ba aikin da mutum zai fara koyo a kan kayan gado ba ne.

Yayana mai tambaya, ƙwan da ke aljihunka lambarsa CXR ko CXL, a Ingila A1/17 suke ce masa, Turawa na kiransa ɗan sama jannati saboda kamarsa da hular. Madubinsa a cikinsa yake shi yasa ka ganshi azurfa. Ya yi wuya yanzu, in an samu ma da tsada, kuma rayuwarsa duka wajen awa 25 ce. Abin da masu irin majiginka suke yi shi ne su mayar da shi ya ci EFM, shi ma 8V 50W ne, halojin ne mai ɗan kwano a bayansa, don haka taransifomarka ba za ta san an canza komai ba, ga haske ya fi fari ga shi yana kai awa 50.

Inda nake so ka nema ba shagon kayan wuta ba ne, wajen masu sayar da kayan asibiti da na ɗakin gwaji za ka je. Ni aikina kenan gyaran waɗannan na'urori, kuma dangin wannan ƙwan, EFM da EFP mai 12V 100W da EFR mai 15V 150W, su ne a cikin madubin duba ƙwayoyin cuta da injin hasken da ake leƙa ciki da shi. EFP da EFR sun fi yawa, EFM sai an ɗan tona ko su yi maka oda daga Legas. Dan Allah kar wani ya lallaɓe ka ya ce EFP ma zai yi tunda kamarsu ɗaya, a bolt 8 zai ba ka haske ja mara ƙarfi, kuma ba a yi taransifomar don nauyinsa ba. Haka ƙwan silin ɗin nan na shaguna mai kwano, ya yi kama da shi sosai amma shi ma watsawa yake.

Za ka buƙaci holda ta tangaran mai lamba GZ6.35, ka saya tare. Wayar da za a ja masa ta zama mai kauri, wat 50 a kan bolt 8 ya haura amfiya 6, siririyar waya za ta yi zafi. Sai a lanƙwasa ɗan falle na alminiyom a yi masa mazauni, bakin kwanon ya zauna kamar milimita 32 daga fim ɗin, ka yi ramin sukurun da ɗan tsawo yadda za ka iya matsar da shi gaba da baya, ka kunna ba fim kana kallon bango har sai hasken ya cika kusurwa huɗu daidai sannan ka ɗaure. Tsohuwar holdar kar a fasa ta, a cire a ajiye a adakar. Kar ka taɓa ƙwan ciki da yatsa, maiƙon hannu na kashe shi. Kuma ka sa sitabilaiza, musamman in da janareto za ka kunna.

Ba'adare Na Maraɗi ya amsa:

Sallama gare ku 'yan uwa na Najeriya. Ni ma na sha wagga wahala da majigin kawuna, nashi Eumig ne na ƙasar Otiriya (Austria), kamfanin ya rufe tun farkon shekarun 1980 amma kayansu na nan da yawa cikin Turai don sun yi su da yawan gaske. Abin da munka yi, wani ɗan uwa da ke Faransa ya saya muna wani irinsa sak wanda ya mutu, da arha don ba ya aiki, ya sako shi cikin kaya. Daga jikinsa munka ciri gilashin gaba da sifirin da murfin fitila, har yau akwai saura. In kana da wani a waje ka ce ya nemi mai lamba ɗaya da naka, ko da an rubuta ba ya tashi. Sai dai bel da ƙwai kada ka sa rai da na ciki, su ma shekarunsu ɗaya da naka.

Akwai kuma wani kamfani a Holan, Van Eck, su aikinsu kenan, suna buga giya da ƙananan kayan majigi sababbi da injin 3D, suna da bel da ƙwai kala-kala bisa sunan kowane majigi. Ko ba ka saya ba ka duba hotunansu, zaka gane siffar abin da kake nema ka nuna ma mai tana.

Abu guda da ba a faɗa ba, ka duba cikin adakar ko akwai wata 'yar roba kamar hular kwalba mai rami, ita ake sawa a hannun gaba don faifan Super 8 ya zauna daram tunda raminsa ya fi faɗi. Tana yawan ɓata. In babu ita mai tana zai fiƙe maka cikin minti kaɗan. Kuma kana buƙatar faifai wofi na baya wanda fim zai naɗu a kai, ka tabbata bai lanƙwashe ba don yana gurje gefen fim. Mu nan wajenmu wani lokaci akan ci karo da wani fim na Faransawa, Pathé mai milimita 9.5, hujinsa a tsakiya yake ba a gefe ba, duk wanda ya ga irinsa kada ya tura shi cikin majigin 8.

Ɗan Tudun Wada ya dawo:

Jama'a Allah ya saka muku da alheri, ya jiƙan magabatanku. Na yi shiru ne ina bin abin da kuka ce ɗaya bayan ɗaya, yau kwana 19.

Baba gaskiyarku, goge kwaltar nan yini biyu ta ci min. Wurin zaɓen wutar a 220 na same shi, na mayar 240. Injiniya, zarena ya ba ni awo na sayo orin uku kamar yadda kace, na tsakiyan ne ya zauna. Giyan da muka duba da gilashi tsagar ba ta kai haƙora ba, wani dattijo mai tana ya yi masa zoben tagulla, da na gaya masa na mene ne sai da ya ajiye aikin gabansa ya yi min, ya ce shi ma yana yaro ya kalli majigi a filin makarantarsu. 'Yar robar Super 8 ɗin tana cikin bargon, na gode na Maraɗi, da ban san amfaninta ba da na share ta da shara. Anti, EFM sai da aka yi oda, kwana tara, na sayi biyu, mazaunin kuma sau uku muna lanƙwasawa kafin hasken ya cika bango.

Manyan faifan biyu ashe katun ne na yara da Baba ya saya, da su na yi gwaji, na sa ɗaya ya tafi tun daga farko har ƙarshe sau uku ina duba hujin ko ya yage, lafiya lau. Sannan jiya bayan isha'i na rataya farin zani a ɗakin Hajiya, na matso mata da kujera kusa sosai saboda idon, na sa mai sunanta.

Babu sauti sai ƙarar injin tar tar tar. Sai ga wata yarinya ta fito daga ƙofar kicin ɗinmu na da, wanda aka rushe tun ina firamare, da tire a hannu da atamfa shuɗiya, launin kamar jiya aka ɗauka, ta hango kyamara ta ja mayafi ta rufe fuska tana dariya tana kaɗa hannu wai a daina, ta juya za ta koma sai ga goyo a bayanta, babban yayanmu ne da yanzu yake da jikoki. Can wajen ƙarshe hoton ya karkace, da alama wani aka miƙa wa kyamarar, sai ga Baba ya shigo ta gefe da farar riga mai gajeren hannu ya karɓi tiren. Bai fi daƙiƙa biyar ba fim ɗin ya ƙare bango ya yi fari. Hajiya ba ta ce komai ba sai da na kashe fitila, sannan ta ce "sake sa shi." Sau huɗu muka kalla.

Saura tambaya ɗaya Baba. "Tafiya Makka" shi ne mai warin tsamin da kuka faɗa, kuma gefensa ya ɗan kanannaɗe kamar ganyen da ya sha rana. Na ware shi ban sa shi ba. Ya zan yi da shi?

Tsohon Mai Majigi ya amsa:

Alhamdu lillahi. Ɗana ka sa ni hawaye da safiyar nan, ka gaida min Hajiya.

Na Makkan kada ka sa shi a majigi, ya riga ya tsuke, tazarar hujinsa ba ta daidai da farcen yanzu, yagawa zai yi. Ciwon ba ya warkewa, sai dai a rage masa gudu. Ka fitar da shi daga kwalin ya sha iska a inuwa kwana biyu, ka sa shi a ambulan na takarda, ban da leda, ka ajiye a ɗakin da ya fi sanyi da bushewa nesa da sauran. Irin wannan sai na'urar da ke ɗaukar hoto ɗaya-ɗaya ba tare da ta ja shi ta huji ba, ka fara cigiyar masu ita tun yanzu, kada ka bari damina ta same shi haka.

Sauran 13 ɗin kuma ka kwafe su a makon nan, kowane sawa yana ɗan ci musu rai. Ka haska a farar takarda ƙarama kusa da majigin, ka kafa waya a gefensa kada ta motsa, ka sa ta a hoto 25 a daƙiƙa. Za ka ga haske na rawa a wayar, sai ka riƙa juya maɓallin gudun majigin ƙasa a hankali, wajen hoto 16 da ɗan ɗori rawar za ta tsaya, domin fankar da ke datse hasken fukafukai uku gare ta, ya zama sau 50 kenan a daƙiƙa. Ka fara da na Hajiya, sannan na dabar.